Shafi Biyu a Bangon Kasuwar Tsaraba

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin da ke jere a bakin tekun garin nan, to ya kwana a cikin aikin hannun Shafi Biyu, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mai fenti ne, siririn mutum mai dogon wuya, kullum da tsani a kafaɗa da wata hula da ta sha ɗigon fenti har ba mai iya cewa ga launin da aka saye ta da shi. Ba shi da yawan magana. Amma ka kuskura ka dafa bango a gabansa ka ce ai wannan shafi ɗaya ma ya isa, to ka tsokano wa kanka wa'azin da sai ka nemi wurin zama. Daga nan laƙabin ya samo asali, kuma shi ko a jikinsa.

Hujjarsa ita ce iskar teku. Iskar nan da baƙi ke hawo jirgi daga wata uwa duniya don su zo su shaƙa, gishiri ne tsagwaronsa, kuma cin fenti take yi kamar gara. Sauran masu fenti sun san haka sarai, amma sai su tsinka fentin da ruwa, su lafta sau ɗaya, su karɓi hakkinsu su ƙara gaba. Kafin lokacin hutu ya yi nisa bango ya fara ɓarewa, baƙuwa ta jingina ta tashi da farin baya. Shi kuwa sai ya kankare tsohon tas, ya wanke gishirin, ya yi shafin farko, ya tattara kayansa ya tafi gida abinsa. Ko manaja zai yi ta kumfar baki cewa gobe baƙi za su sauka, ba zai ɗora na biyu ba sai na farko ya bushe ƙamas. An taɓa yin wani manaja da ya kulle shi a ɗaki, ya ce ba zai fito ba sai ya gama a ranar. Ya dawo da yamma ya tarar da shi a miƙe a ƙasa yana sharar barci, hula a fuska, buroshi a wanke. Manajoji sun sha korarsa saboda wannan taurin kai, kuma shekara na zagayowa su ne ke aikawa a nemo shi.

Garin kuwa ba shi da wata gona ko masana'anta sai baƙi. Su ne abincin kowa, daga mai otal har mai share yashi. Shi Shafi Biyu bai cika haɗuwa da su ba, domin aikinsa kafin zuwansu ne. Ran da motocinsu suka fara shigowa, shi ya riga ya sauko daga tsani. Jin daɗinsa bai wuce ya bi titin bakin ruwa da yamma, ya ga gine-ginen nan farare tas suna ɗaukar ido, ya riƙa nuna wa matarsa da haɓa: wancan nawa ne, wancan ma nawa ne, wancan mai kuturtar ba ruwana da shi.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta kiransa da laƙabin nan, ita ce yayarsa. Auta take ce masa, ko da yake furfura ta riga ta cika masa gemu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe. Yaya ce ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta zane shi in ya yi rashin ji, kuma ita ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani tsohon mai fenti a otal ɗin da take aikin wanki. Ƙuruciyarta duka a ɗakin wankin nan ta ƙare, cikin tururi da ƙarar injina, har fatar hannunta ta yi fari ta tattare. Takan zolaye shi cewa ita ce alƙaliyar masu fentin garin, domin duk ha'incin da suka yi a bango, a jikin tawul da zanin gado yake dawowa hannunta. Ta san fentin kowa da yadda yake fita. Na Auta ne kaɗai bai taɓa zuwa mata ba, kuma takan faɗi haka da ƙarfi a gaban mutane, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar ƙaramin yaro.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Ya girma ya kafa ɗan shago a Kasuwar Tsaraba, inda baƙi ke sayen abin komawa gida, yana sayar da tabarau da huluna masu faɗin baki. Mai Tabarau ke nan, sarkin surutu, wanda ya iya gaisuwa da yaren duk wata ƙasa da ke turo baƙi, ko da yake bayan gaisuwar ba ya iya ƙara ko kalma ɗaya. Kawunsa ne ya yi masa fentin shagon, shuɗi, kyauta, kuma ya sha tsiya a kai. Mai Tabarau ya yi ta ba mutane labari cewa shago ɗan mitsitsi kamar akwati, amma Kawu ya hana shi buɗewa, ya zauna a ƙofa yana gadin bango har ya bushe.

Sai aka yi zaɓe. Ba sai an gaya wa kowa yadda ake yi ba. Waɗanda suka ce sun ci da waɗanda suka ce an ƙwace musu suka yi ta zagin juna a rediyo, daga ɗakunan da sanyin na'ura ke kaɗawa, 'ya'yansu suna can ƙasashen waje suna karatu. Rigima ta taso daga babban birni, ta biyo hanya tana saukowa har ta iso bakin teku, inda mutane ba su san komai ba sai gyaran gado da soya kifi da yi wa wanda ba su sani ba murmushi. Ranar da zanga-zanga ta biyo titin bakin ruwa, ta yi karo da jami'an tsaro daidai ƙofar Kasuwar Tsaraba. Aka ƙona tayoyi, wuta ta kama rumfuna, sai harbi. Mai Tabarau ba ya bayan kowa a cikinsu. Ko katin zaɓensa bai san inda ya jefa ba. Ya ruga ne ya kulle shagonsa.

Ran nan an kira Shafi Biyu wani ɗan gyara, yana kan tsani a otal ɗin da ke kallon kasuwar, don haka shi ya fara isa. Ya tarar da ɗan yayarsa jingine da dogon bangon kasuwar, ya zame ya zauna, makulli a hannu. Shi ya ɗaga shi, shi ya saɓa shi a kafaɗar da yake ɗaukar tsani. Kuma da yake idon mai fenti ba ya iya wuce bango bai duba ba, ya ga abin da ya rage a jiki: babban tabo daidai ƙirjin mutum, ya ja ƙasa a karkace, ga shaidar yatsu huɗu a gefen hagu inda marigayin ya dafa. Bai so ya gani ba, amma ya gani, kuma abin ya zauna masa a ka daram.

Baƙi suka watse. Motocin otal suka yi ta jigilarsu zuwa filin jirgi, wasu da rigar wanka a jiki, ƙasashensu kuma suka yi shelar kada wanda ya ƙara tako ƙafarsa nan. Ba wanda ya ga laifinsu, kowa ransa yake so. Amma gari ya mutu murus. Wuraren ninƙaya suka yi kore, kwaɗi suka tare a ciki. Kwale-kwalen yawo suka kife a kan yashi. Kukun da ya yi shekaru yana dafa wa manya abinci ya koma tura baro a tasha. Aka rufe ɗakin wanki, Yaya ta koma bin gidaje tana wankau. Fenti kuwa, wa zai yi wa ɗakin da ba mai kwana kwalliya? Buroshin Shafi Biyu ya kwanta a gwangwanin kananzir a bayan ƙofa. Ya gwada dako, bayansa ya ƙi. Ya gwada zuwa kamun kifi, teku ta juya masa ciki. Matarsa ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai dai ya ji ta a kicin tana kankare gindin tukunya a hankali don kada ya ji.

Da ƙura ta ɗan lafa sai ga wasu irin baƙi. Da farko 'yan jarida ne, su dai a ce aikinsu ne. Bayansu sai ga masu waya a kan sanda, maza da mata, da gajeren wando da jakar goyo, suna tafe suna yi wa wayar surutu. Waɗannan ba teku ce ta kawo su ba, ko kallo ba ta ishe su ba. Tambayarsu ɗaya ce: ina ne abin ya faru? 'Yan jagora, waɗanda a da suke kai baƙi tsibirin tsuntsaye da tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, nan da nan suka shinshino abinci. Shugabansu, wanda kowa ke kira Ciyaman, wani mai ƙaton tumbi da murya kamar ya haɗiyi lasifika, ya tsara sabon zagaye: a fara daga inda aka soma jifa, a bi ta motar da ta ƙone, a ƙare a bangon kasuwa. Nan zai cire hula, ya rage murya, ya ba da labarin gwarzon matashin da ya tsaya ƙirji buɗe a gaban bindiga. Mutumin da ya je kulle shago! Har tsaraba aka samu. Tabarau ɗin da wuta ta narkar aka riƙa tonowa cikin toka ana sayarwa, da suka ƙare aka koma sayo sababbi ana babbaka su a bayan tasha. Tir da irin wannan neman abinci.

Hanyar Yaya zuwa gidajen da take wanki ta gaban bangon nan ta bi. Akwai wata ta bayan asibiti, Shafi Biyu ya roƙe ta ta riƙa bi, ta ƙi. Kullum da safe sai ta tsaya, ta duba, ta wuce. Da damina ta sauka sai ya lura ta fara sakewa. Wata rana ta zo gidansu ta zauna, har ta karɓi shayi, har ta ja kunnen ƙaramar 'yarsa, sannan ta ce masa tabon yana tafiya. Ta yi masa bayani irin na mai wanki, cewa jini ba ya dawwama: yakan yi duhu, ya koma ruwan ƙasa, ya koma toka-toka, daga nan ya tafi. Duk ruwan da aka yi, washegari sai ta ga ya ragu.

"Yatsun sun tafi, Auta," in ji ta. "Saura kaɗan. Ran da na zo na ga bangon nan fes, ran nan zan kwashe kayansa in ba mabuƙata, in yi barci kamar kowa."

Ya ce Allah ya nuna musu ranar. Kuma har zuciyarsa ya faɗa.

To abin da Yaya ke yi wa Allah godiya a kai, shi ne ke hana Ciyaman sukuni. Ruwa ya wanke baƙin hayaƙi, ya cinye tabon, baƙi sun fara ɗaga waya su sauke, su taɓe baki su ce ai ba abin gani. Sai ga Ciyaman a ƙofar gidan Shafi Biyu da rana tsaka, da doguwar gaisuwa da ta'aziyyar da ya riga ya yi tun tuni. Da ya zo kan magana, wato yana so a sabunta bangon nan da fenti, Shafi Biyu ya miƙe tsaye, ya ce masa ɗan yayarsa ne fa, a kafaɗar nan ya ɗauke shi. Ciyaman ko gezau, ya ce ai shi ya sa ya zo wurinsa. Ya ce waɗanda suka yi harbin ba abin da suke so irin a manta, ruwan sama aikinsu yake yi musu. Ya ce a duba bakin da ke ci daga bangon nan, masu mota da masu ruwan sanyi da masu ɗakunan haya. Sannan ya matso ya sauke murya, ya ce wasu masu otal suna shawarar buɗe ɗakuna, kuma shi Ciyaman suke tambaya wa za a ba fenti. Ba wani abu yake nema ba, hayaƙin kawai, a ɗan maido da baƙin da ruwa ya wanke. Tabon kam ba wanda zai taɓa shi.

Shafi Biyu ya dubi gwangwanin kananzir a bayan ƙofa. Ya ji motsin matarsa a kicin ya tsaya, alamar ita ma tana saurare. Ya koma ya zauna, ya ce hayaƙin kawai.

Suka kafa tampol a gaban bangon, suka ce wa masu wucewa kwata ake gyarawa. Ya haɗa baƙi da ɗan toka-toka, ya riƙa bugawa da tsumma maimakon buroshi, yana bin yadda harshen wuta ke lasar bango daga ƙasa zuwa sama. Hannun da ya yi watanni a zaune ya tuna aikinsa, kuma abin kunya, daɗi ya ji. Yana cikin haka ya ji an ɓalle murfin gwangwani a bayansa. Ya waiga. Ɗaya daga cikin 'yan jagoran ne, riƙe da wani fentin ruwa mai araha, ja zur. Ya tsoma buroshi ya lafta a kan inuwar tabon, ya zagaya kamar mai zana ƙwallo, Ciyaman yana tsaye a kansa yana cewa a ƙara nan, a ƙara can.

Nan ne ya kamata mutum ya tattara kayansa. Ko ya kife musu gwangwanin, ko ya tofa musu yawu ya yi tafiyarsa. Fentin banza ne a hannun wanda bai iya ba, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke shi kowa ya huta. Amma abin da ya taso wa Shafi Biyu a ƙirji ba baƙin cikin kawu ba ne. Haushin mai sana'a ne da ya ga ana ɓata aiki a gabansa.

"Ba haka yake ba," in ji shi.

Ciyaman ya ce to yaya yake?

Shafi Biyu ya karɓe buroshin. Ya sa aka goge shirmen tun bai bushe ba. Ya ɗauko ƙarfensa ya kankare wurin tas yadda ya saba, domin shi ba ya ɗora sabo a kan tsoho, ɗan abin da ya rage na ainihin jinin ɗan yayarsa ya zubo ƙasa gari-gari, ya ture da ƙafa. Ya ciro nasa fentin daga jaka, na mai, ragowar wanda ake yi wa kwale-kwale, wanda ruwan teku ma ba ya ci. Ya gaya musu cewa jinin da ya kwana ba ja ba ne. Ya zuba baƙi kaɗan, ya ɗiga rawaya, ya juya, ya gwada a guntun kwali, ya ƙara, har launin ya fito daidai da wanda ke zaune a kansa tun ranar. Ya fara daga daidai ƙirji, ya ja ƙasa a karkace. Ya koma gefen hagu, ya tsoma yatsunsa huɗu a fentin ya dafa a inda suke. Wani daga cikin 'yan jagoran ya ce wallahi har tsigar jikinsa ta tashi. Ciyaman ya ce madalla, a cire tampol. Shafi Biyu ya yi masa irin kallon da yake yi wa manajoji, ya ce kada wanda ya taɓa tampol ɗin nan, gobe zai dawo.

Ya samu yini da kwana cur ya yi tunani. Ya wanke hannu da kananzir, ya ci abinci, ya kwanta, ya tashi. Matarsa ta ga wani ja-ja a ƙarƙashin farcensa, ta tambaye shi tun yaushe hayaƙi ya koma wannan launi, ya ce mata ta bar shi ya ji da abin da ke damunsa. Ba wanda ya zo ya ja shi. Ciyaman ma cewa ya yi ai haka ma ya yi kyau. Da ƙafarsa ya koma, domin a ransa aikin da aka yi wa shafi ɗaya ba a gama shi ba. Ya taɓa da bayan hannu, ya ji ya bushe ƙamas, ya ɗora na biyu.

Ran da aka cire tampol, Yaya ta zo wucewa da ƙullin wanki a ka. Masu shagunan gefe sun ce ba ta yi ihu ba. Ta sauke ƙullin, ta matsa, ta daɗe tana kallo, ta kai hanci ta shinshina. Ta ɗauki kayanta ta tafi. Ba a jima ba ta dawo da bokiti da buroshin wanki. Ta fara da ruwan sanyi da gishiri, yadda ake yi wa jini. Ta koma sabulu. Ta koma wani maganin cire tabo mai cin fata da ta adana tun zamanin ɗakin wanki. Ta dirza har rana ta take, ta dirza har gaɓoɓin yatsunta suka fashe. Tabon bai motsa ba, sai ma ƙara sheƙi da ya yi.

Da yamma ta shigo gidansu da bokitin a hannu. Matarsa ta ba ta wurin zama, ta kawo ruwa. Ba ta zauna ba, ba ta sha ba. Matar ta dubi hannuwan Yaya, ta dubi mijinta, ta kora yara ɗaki. Shafi Biyu ya riga ya tanadi maganganu. Zai ce don kada a manta ne, zai ce yara ne, zai ce ai da ma za su yi ko da shi ko ba shi. Ya cusa hannuwansa a aljihu ko da yake ya wanke su tas. Yaya ba ta ba shi damar faɗin ko ɗaya ba. Ta ce masa, a hankali kamar mai ba da labarin wani, ta ƙare rayuwarta tana wanke fentin masu fentin garin nan. Ta san na wanda ke fita da ruwa kawai, ta san na wanda sai da sabulu, ta san na wanda sai an jiƙa ya kwana. Yau duk ta gwada.

"Shafi nawa ka yi masa?" in ji ta.

Zai iya ƙarya a kan komai, amma ban da wannan.

"Biyu, Yaya."

Ta gyaɗa kai, yadda mutum ke yi in an gaya masa abin da ya riga ya sani. Ta ce ai ta san ba zai yi ha'inci ba. Ta juya da bokitinta ta fita, matarsa ta bi ta har ƙofa tana kira, ba ta waiga ba.

Washegari da sassafe ya ɗauki farin fenti da babban buroshi ya nufi kasuwa, ya rantse sai ya shafe bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan. 'Yan jagora suka tare shi, suka ƙwace gwangwanin, aka yi ta kokawa har hularsa ta faɗa kwata. Ciyaman ya zo yana ba shi haƙuri, yana cewa ai abin ya wuce na mutum ɗaya, na al'umma ne yanzu. Kuma bakinsa ya kama. Ba a daɗe ba hukumar gari, wadda a da take rantsuwa cewa ba a kashe kowa a wurin ba, ta aiko aka kewaye bangon da sarƙa, aka kafa allo, aka sa mai gadi. Wani babba ya zo da ayarin motoci ya ajiye furanni, aka ɗauke shi hoto yana share ido da hankici. Kai, mutum ya rasa ma inda zai tofa yawun.

Mai gadin yana da umarnin hana kowa taɓa bangon, sai mutum ɗaya. Kullum da safe Yaya takan zo da bokitinta, ta tsallake sarƙa, ta durƙusa ta dirza. Da farko mai gadin ya so ya kore ta, Ciyaman ya ce a ƙyale ta, ai ya san aikin wa ne, ba abin da zai fita. Sai ma ya sauya lokacin zagayen. A da da yamma ake kawo baƙi, yanzu da safe, daidai lokacinta. Su jeru a bayan sarƙa, wayoyi a sama, Ciyaman yana raɗa musu cewa ga uwar nan, kullum tana wanke jinin ɗanta amma jinin ya ƙi fita. Wasu har hawaye suke yi. Daga nan a kwashe su a kai su cin kifi.

Otal-otal sun buɗe wasu ɗakuna, kuma Ciyaman ya cika alkawari. Shafi Biyu ya koma aiki, tukunyar gidansa tana hawa wuta, matarsa tana zuba masa abinci ba tare da ta dube shi ba. Ita ce ta gaya masa cewa kayan Mai Tabarau har yanzu suna rataye a ɗakin uwarsa, ba a ba kowa ba. Yanzu shi ne ke bin hanyar bayan asibiti da tsani a kafaɗa, ko da yake ta fi nisa. Amma da aka ba shi fentin otal ɗin da ke kallon kasuwar, ba shi da wata hanyar. Wata safiya ya iso Yaya ta riga ta gama, tana zubar da ruwan bokiti a kwata, baƙi suna komawa mota. Suka yi ido huɗu. Ya sauke tsani ya rusuna yadda ya saba tun yana yaro, ya ce Yaya ina kwana. Ya tsaya yana jira ta ce Auta, ko da tare da zagi ne.

Ta dube shi, ta amsa lafiya lau, da irin fara'ar da ake yi wa wanda aka saba gani a hanya.

"Sannu da aiki, Shafi Biyu," in ji ta. Ta ɗauki bokitinta ta wuce.